Salak mai laushin ganye a lambun gida: me ya sa nawa ya miƙe ya yi ɗaci?

Maman_Sadiya_Garwa:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa masu lambu. Ina zaune a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma ina da ɗan fili a bayan madafa inda nake shuka alayyafo da yakuwa da tumatir. A bana ƙanen maigidana ya kawo mini irin salak daga Ngaundare, wanda wasu ke kira latas, irin nan mai santsi da laushi wanda ganyensa ke naɗewa ya yi ɗan kai sako-sako kamar ƙaramin kabeji, kuma a jikin takardar an rubuta laitue beurre da Faransanci. Na zuba irin a tsakiyar watan Fabrairu, amma ko rabinsa bai tsiro ba. Wanda ya tsiro na dasa shi, na yi ta ba shi ruwa safe da yamma, ya yi kyau na wajen mako uku, daga nan sai ya fasa naɗewa ya miƙe sama yana fitar da kara a tsakiya. Da na tsinki ganye na ɗanɗana, ɗacinsa ya kusa kai na shuwaka, kuma wani farin ruwa yana fitowa daga inda na karya. Ina roƙon waɗanda suka sani su gaya mini ko laifin iri ne, ko laifin hannuna, ko kuwa wannan salak ɗin ba na ƙasarmu ba ne gaba ɗaya.

Baba_Mai_Lambu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Irin ba shi da laifi, hannunki ma ba shi da laifi, lokaci ne kawai ya wuce ki. Na daɗe ina noman rani a gaɓar Binuwai, kuma abin da na sani shi ne salak ɗan hunturu ne, musamman wannan mai laushi da kika kwatanta, wanda ba ya jimirin zafi sosai. Daga ranar zuba iri zuwa ranar yanka yana buƙatar kamar wata biyu. Idan kin zuba a tsakiyar Fabrairu, ashe lokacin da ya kamata ya haɗa kai ya faɗo cikin ƙarshen Maris da farkon Afrilu, kuma kin san yadda Garwa take a wannan lokaci, zafi yana kaiwa digiri 40 har ya wuce. Shukar da ta ji irin wannan zafi ba ta tsayawa yin ganye, gaggawa take yi ta fitar da fure ta bar iri kafin ta mutu. Mu a nan muna fara zuba iri ne daga ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kuma dare ya fara sanyi, mu ci gaba har ƙarshen Disamba. Wanda ya kai tsakiyar Janairu bai zuba ba, ina ba shi shawara ya ajiye irinsa sai baɗi.

Dan_Tudun_Ngaundare:
Ina goyon bayan abin da Baba ya faɗa, kuma ina ganin kuskuren ya samo asali ne daga inda aka sayo irin. Ngaundare tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,000, don haka muna samun sanyin dare a mafi yawan watannin shekara, kuma wanda ya sayar da irin a nan zai iya cewa ana shuka shi kowane lokaci ba tare da ya yi ƙarya ba. Garwa kuwa tana cikin kwarin kogi, kalandarmu ba za ta yi mata aiki ba. Mu namu ciwon kan shi ne yawan ruwan damina, wanda ke ruɓar da ganyen ƙasa idan ba a ɗaga fangali ba.

Malama_Kimiyya_Marwa:
Maman Sadiya, zan yi magana kan rabin irin da kika ce bai tsiro ba, domin wannan ma aikin zafi ne. Irin salak yana tsirowa da kyau idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 22, amma da zarar ƙasa ta doshi digiri 30, da yawa daga cikin ƙwayoyin sukan shiga wani irin barci su ƙi buɗewa ko da an jiƙa su sosai. Ba mutuwa suka yi ba, jiran sanyi suke yi. Dabarar da nake bi a gida ita ce in shimfiɗa irin a kan tsumma mai tsabta da na jiƙa, in naɗe shi, in ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da damshi da sanyi, ko a cikin firiji a ɓangaren kayan miya ga mai shi. Bayan 'yan kwanaki, idan kin buɗe tsumman za ki ga wani ɗan farin baki kamar kan allura ya leƙo daga ƙwayar. A lokacin ne za ki zuba, da yamma bayan la'asar, domin awannin farko su faɗo cikin sanyin dare. Kada ki binne shi da zurfi, domin ƙwayar ƙarama ce ƙwarai kuma tana son ɗan haske; ki yayyafa ƙasa mai laushi da ba ta kai rabin santimita ba, ki danna da tafin hannu. Shi kuwa farin ruwan da kika gani, halittar salak ce, har sunansa na kimiyya, Lactuca sativa, daga kalmar Latin mai nufin madara aka samo shi. Yana nan a jikinsa tun yana ƙarami, amma yana ƙaruwa ya yi ɗaci idan shukar ta tsufa, ko ta sha ƙishi, ko ta fara fitar da kara.

Abban_Yusra_Injamena:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ina da ɗan ja game da cewa a ajiye iri bayan tsakiyar Janairu. A nan Injamena masu lambun bakin kogin Shari suna kawo salak kasuwa har cikin bazara, kuma zafinmu bai gaza na Garwa ba. Idan su suna iyawa, me zai hana mai lambun gida, wanda shukarsa ba ta wuce gindi talatin ba kuma yana iya yi mata inuwa?

Baba_Mai_Lambu:
Abban Yusra, ka duba da kyau salak ɗin da suke kawowa a bazara. Za ka tarar mai kaushin ganye ne, mai lanƙwasasshen baki, wanda Faransawa ke kira batabiya, kuma yawanci suna cire shi yana ƙarami kafin ya yi tunanin miƙewa. Wannan dabam, wanda 'yata take tambaya a kai dabam. Ban ce ba za a samu ganyen ci a watan Maris ba, abin da na ce shi ne ba za a samu dunƙulallen kai mai farar zuciya da laushi ba, kuma saboda wannan zuciyar ake wahalar shuka shi.

Hajiya_Kusuri:
Tun da an kawo maganar inuwa, bari in faɗi abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce. Saboda tsoron rana, na yi fangalina a ƙarƙashin babban dogon yaro da ke tsakar gidanmu, inda rana ba ta sauka ko kaɗan. Shukar ta fito siririya, ganyen ya yi tsawo ya yi fari-fari, ya kwanta a ƙasa, bai naɗe ba har na gaji na cire. Ga kuma saiwar bishiyar tana shanye ruwan da nake zubawa. Da shekara ta zagayo sai na koma gefen katangar yamma ta cikin gida, inda hantsi ke samun shukar tun daga fitowar rana, sannan inuwar katanga ta rufe ta bayan azahar. A nan ne na fara ganin ganyen ciki yana lanƙwasowa yana rufe ɗan'uwansa, ɗaya bisa ɗaya, har na sa tafin hannu na ji kan ya cika. Wanda ba shi da katanga a wurin da ya dace zai iya kafa sanduna huɗu masu tsawon ƙugu ya ɗora tsohon zana mai huji-huji da rana tsaka, ya ɗauke shi da yamma.

Dalibin_Noma_Marwa:
Ina neman izinin iyayena in ƙara bayani kan dashe, domin ban ga an taɓo shi ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke rasa shukarsu. Ana dasawa ne idan tsiron ya yi mako uku zuwa huɗu kuma ya fitar da ganye huɗu ko biyar. A jiƙa wurin renon tukuna, a ciro kowane tsiro da ƙasar da ke jikin saiwarsa, a dasa da yamma. Tazarar da ta dace tsakanin gindi da gindi ita ce santimita 25 zuwa 30, wato kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari na hannun babba. Idan aka cunkusa su, kowanne zai miƙe neman haske ne. Abu mafi muhimmanci shi ne kada a binne wuyan shukar, wato mahaɗar saiwa da ganye. A bar shi daidai da fuskar ƙasa, ko da tsiron ya yi kamar zai faɗi, domin wuyan da aka binne yana ruɓewa. Saiwar salak ba ta nisa cikin ƙasa, saboda haka ƙasar sama ce za a gyara sosai. Wanda gidansa ke kan baƙar laka irin ta gonakin masakwa, wadda ke tsagewa idan ta bushe, sai ya haɗa ta da rairayi da ruɓaɓɓen taki kafin ya dasa.

Maman_Sadiya_Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu na gane cewa lokaci ne babban kuskurena, kuma na ga wani kuskuren a maganar ɗalibinmu, domin na tura ƙasa har wuyan shukar don kada iska ta kayar da ita, wasu kuwa sun ruɓe a gindi. Akwai wani abu kuma da na manta ban faɗa ba. Kafin su miƙe, da na buɗa tsakiyar wasu, na ga bakin ƙananan ganyen ciki ya yi ruwan ƙasa kamar an kusantar da shi ga wuta, alhali ganyen waje lafiyarsa ƙalau. Shin cuta ce da ke buƙatar feshi?

Malama_Kimiyya_Marwa:
Ba cuta ba ce, kuma feshi ba zai yi mata komai ba. Ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a ganyen ciki. Sinadarin yana tafiya ne tare da ruwan da shuka ke ja daga ƙasa, kuma ruwan ya fi zuwa ga manyan ganyen waje da iska ke kaɗawa. Idan zafi ya sa shukar tana girma da sauri, ko kuma ƙasa ta bushe yau ta jiƙe gobe, ƙananan ganyen da ke rufe a ciki ba sa samun rabonsu, sai bakinsu ya mutu. Galibi ƙasar tana da sinadarin, isar da shi ne ya gagara, shi ya sa zuba ɓawon ƙwai ba ya kawo sauƙi nan take. Maganin shi ne ƙasa ta zauna da damshi iri ɗaya kullum, kuma a rage takin zamani mai sa ganye ya yi saurin girma, musamman yuriya.

Uwargida_Mokolo:
Ni damshin nan da ɓuntun shinkafa nake riƙe shi. Ina baza shi tsakanin gindi da gindi, kaurin yatsa biyu, ba tare da ya taɓa wuyan shukar ba, kuma busasshiyar ciyawa da ba ta da iri a jikinta tana yin wannan aiki. Yana hana ƙasa zafi, yana kuma hana laka fantsama kan ganye lokacin bayi, wato ban ruwa. A nan cikin duwatsun Mandara ruwa yana yi mana wuya da rani, don haka duk abin da zai rage yawan zuwa rijiya muna riƙe shi da daraja.

Abban_Yusra_Injamena:
Game da bayi, an taɓa gaya mini cewa kada a ba salak ruwa da yamma domin ruwan da ya kwana cikin ganye yana ruɓar da shi. Amma Maman Sadiya ta ce safe da yamma take bayarwa, kuma ban ji wanda ya gyara mata ba.

Baba_Mai_Lambu:
Ban gyara mata ba domin ni ma haka nake yi. Iskar hunturu a ƙasarmu busasshiya ce, kafin magariba ganye ya bushe. Wannan gargaɗi ya fi shafar mutanen Ngaundare da masu shuka cikin damina. Abin da nake kiyayewa shi ne, da zarar kai ya fara haɗuwa, ina sauke bakin butar bayi ƙasa in zuba a gindi, ba na sheƙa ruwa cikin zuciyar. Kuma a ƙasa mai rairayi, ruwa kaɗan sau biyu ya fi ruwa mai yawa sau ɗaya.

Mai_Jinya_Yagwa:
Ina so in ja hankalinmu ga wani ɓangare, domin wannan ganye ɗanye ake cin sa, ba ya shiga tukunya kamar yakuwa. An ambaci taki a sama, to lallai ya zama wanda ya ruɓe sarai na watanni har ya koma kamar baƙar ƙasa ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, sannan yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa. Haka ma ruwan kwata ko na wanke-wanke, bai kamata ya kusanci salak ba. Yankinmu ya sha fama da kwalara, kuma duk wanda ya ga annobar 2010 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ba zai yi wasa da ɗanyen ganye ba. A ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta fiye da sau ɗaya, musamman gindinsa inda ƙasa ke maƙalewa. Masu jiƙa shi cikin ruwan da aka ɗiga wa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su jabel ko farmanganat su bi ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka nuna, su kuma ɗauraye shi da ruwan sha daga baya. Ruwan tsami ko lemun tsami na ɗanɗano ne, ba sa wadatarwa wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Hajiya_Kusuri:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa na fara shuka nawa, domin in san ruwan da ya sha. Sai dai ni manyan abokan gabana ƙadangaru ne da tsuntsaye, waɗanda ke iya share tsiron da aka dasa cikin yini ɗaya. Ina rufe fangalin da tsohon gidan sauro da ya yayyage, a kan sanduna, har shukar ta yi ƙarfi.

Mai_Jinya_Yagwa:
Hajiya, Allah ya ja kwana, a tabbata dai wanda ya gama aikinsa ne a ɗaki, kuma kada ya taɓa ganyen, domin yawancin gidajen sauron da ake rabawa suna da maganin kashe sauro a jikinsu.

Dan_Tudun_Ngaundare:
Bari mu koma kan girbi, tun da shi ne ƙarshen wahalar. Ni ina jira har in danna kan a hankali in ji ya cika amma bai yi tauri ba, sannan in yanke shi da wuƙa mai kaifi dab da ƙasa, da sassafe kafin rana ta taɓa shi. Wanda aka yanka da rana tsaka yana yaushi kafin a kai shi madafa. Kada a jira ya yi tauri kamar kabeji, domin ba zai yi ba, kuma idan tsakiyarsa ta fara tsini tana tasowa, to kara yana hanya, a yanka a ranar. Matsalar ita ce duk waɗanda aka dasa rana ɗaya tare suke isa, cikin mako guda sai su fi ƙarfin gida. Saboda haka nake zuba iri kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu.

Uwargida_Mokolo:
Ni ban cika jiran kai ba. Daga mako na uku bayan dashe nake tsinkar ganyen waje, biyu ko uku daga kowane gindi, in bar na ciki ya ci gaba. Gindi ashirin suna ba mu abin haɗawa da tumatir da albasa da garin ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa kusan kowace rana har fiye da wata guda. Ga mai iyali, ina ganin wannan ya fi amfani a kan jiran wata biyu saboda yanka ɗaya.

Baba_Mai_Lambu:
Uwargida, hanyarki tana da kyau ga mai son ganye kullum, amma a sani cewa gindin da ake yawan tsinka ba ya yin cikakken kai, domin ganyen waje ne ke ciyar da na ciki. Idan tsinka ake so, mai kaushin ganyen nan ya fi dacewa da ita. Shawarata ga 'yata ita ce ta raba fangalinta biyu, rabi na tsinka, rabi kuma ta bar shi ya naɗe, domin ta ɗanɗani zuciyar ko sau ɗaya ta san abin da ake magana a kai.

Maman_Sadiya_Garwa:
In sha Allahu haka zan yi idan Allah ya kai mu Nuwamba. Yanzu akwai gindi shida da suka miƙe har sun kai gwiwa, wasu sun fara fitar da ƙananan furanni rawaya. In cire su in ba awaki, ko in bar su in samu iri?

Dalibin_Noma_Marwa:
Ki bar biyu ko uku, Mama. Furen salak yana yi wa kansa barbara, saboda haka irin da za ki samu zai fito kamar uwarsa. Kamar mako biyu zuwa uku bayan fure, za ki ga wani farin gashi kamar auduga ya bayyana a kansa, alamar iri ya nuna ke nan. Ki sunkuyar da kan cikin ƙwarya ko takarda ki girgiza, ki maimaita bayan kwana biyu domin ba tare suke nuna ba, ki shanya a inuwa, ki zuba a kwalba mai murfi ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki. Ki zaɓi waɗanda suka fi jinkirin miƙewa, kada ki ɗauki na farko, domin hali na saurin fitar da kara yana bin iri.

Abban_Yusra_Injamena:
Duk da bayanin Baba, ni zan gwada zuba wani a ƙarshen Janairu, da dabarar randa ta Malama da katangar Hajiya da ɓuntun Uwargida. Na ji ana ambaton wani nau'i mai suna Kagraner Sommer, cewa shi ma mai laushi ne kuma yana jinkirin miƙewa a lokacin zafi, zan nema a wurin masu sayar da iri.

Dan_Tudun_Ngaundare:
Nau'in yana nan, kuma gaskiya ne ya fi sauran jimiri, amma zafin da aka zaɓe shi dominsa na Turai ne, ba na Afrilun Injamena ba. Idan za ka gwada, ka zuba wani a Nuwamba daga takarda ɗaya domin ka samu abin kwatantawa, kuma ka rubuta ranar zubawa da ranar dashe da ranar da gindin farko ya fara tsini, ka kawo mana nan mu gani.